Kilo Ukun Da Mai Sikeli Bai Yarda Da Su Ba

Shagon Mai Sikeli taku huɗu ne a tsaye, taku uku a kwance, a matse tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin katifa. Shekara talatin da huɗu yana buɗe shi da ƙarfe bakwai da rabi. A bango akwai ƙusoshi goma sha biyu, kowace da sikelin ratayawa da ke jiran mai shi. A kan tebur akwai sikelin kanti mai faranti biyu. A ƙarƙashin teburin kuma akwai akwatin katako mai shimfiɗar koren ƙyalle, inda duwatsun awonsa na tagulla suke kwance kowanne a raminsa, daga giram ɗaya har kilo goma. Ba ya bari kowa ya taɓa su da hannu. Ya ce gumin yatsa ma nauyi ne.

Ya koyi aikin yana ɗan shekara goma sha shida, a rumbun kaya na tashar jirgin ƙasa, wajen wani dattijo mai ido ɗaya. A zamanin nan sikeli ƙarfe ne da tagulla, ana buɗe cikinsa a ga abin da ke damunsa, kuma wanda aka ƙera da kyau yakan binne mai shi ya ci gaba da aiki wa 'ya'yansa. Dattijon bai cika magana ba, amma ya bar masa ƙa'ida guda uku, kuma a kansu ya yi rayuwarsa. Ta farko, ba a yarda da awo ɗaya. Abin da ka auna a wannan sikeli sai ka kai shi wani dabam. Ta biyu, kada mai sikeli na biyu ya san abin da na farko ya nuna, don kada idonsa ya karkata. Ta uku, idan suka saɓa, ka ɗauki wanda ya fi muni a matsayin gaskiya har sai duwatsu sun raba gardama.

Yana da shekara ashirin da tara farantin babban sikelin rumbun ya zame ya faɗo masa a cinya. Ya zubar da jini sosai, aka ƙara masa leda uku. A lokacin ba a ma san yadda za a gano ƙwayar ciwon hanta nau'in C a cikin jini ba, don haka babu wanda za a ɗora wa laifi, shi ma bai taɓa ɗora wa kowa ba. Ƙwayar ta shiga ta sami wuri ta yi shiru shekara ashirin da uku. Ya yi aure, ya buɗe shago, ya haifi 'ya'ya huɗu, bai san yana ɗauke da baƙuwa ba. Sai da ya kai hamsin da biyu, gajiya ta fara kayar da shi tun kafin rana ta raba, aka gwada jininsa aka faɗa masa.

An yi masa bayani ƙarara cewa ta jini kawai take bi, ba ta bin kofi ko cokali ko gaisuwa. An gwada matarsa da yaran duka, babu wanda ya kamu. Duk da haka ya dawo gida ya ware kofinsa, wani shuɗi mai tsagewar fenti a baki, ya ɗaure wa cokalinsa jan zare. Rezarsa da abin yanke farcensa ya kulle su a gwangwani. Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce ita ta auri mutum ne, ba ta auri ɗan haya mai kofinsa dabam ba. Ya ce ta yi haƙuri, haka ya fi masa kwanciyar rai.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne Asabar. A da, kowace Asabar da safe yakan jera yaran gidan a kan benci ya yanke musu farce, ɗaya bayan ɗaya, da hannun nan nasa da ba ya rawa. Har 'ya'yan maƙwabta ake turo masa. Ranar da ya kulle gwangwanin ya daina, kuma shekara goma sha ɗaya bai sake riƙe yatsan yaro da ƙarfe a hannunsa ba. A cikin shekarun nan ne ƙaramar 'yarsa, Auta, ta yi aure ta haifi yarinya bakwaini. Shi da kansa ya ɗora jaririyar a farantin sikelinsa a kan tawul, ya cire nauyin tawul ɗin, ya ce kilo biyu cif. Sunan ya bi ta. Har ta shekara huɗu babu mai kiranta da wani suna sai Kilo Biyu.

Sai aka zo da sabon magani. Ƙwaya ɗaya a rana, mako goma sha biyu. Ya sha tamanin da huɗu, kowace da ƙarfe bakwai daidai, yana duba agogon da maƙwabcinsa ya saita masa. Bayan nan aka ce ya jira wani mako goma sha biyun kafin a yi gwajin ƙarshe. Ya jira, aka ɗebi jini, aka ba shi ranar dawowa.

Ranar da ya dawo, tun a baranda ransa ya ɓaci. Tsohon sikelin asibitin mai sanda da ɗan ƙarfen da ake turawa, wanda shi da kansa ya taɓa gyara masa ƙafa, an ɗauke shi. An ajiye wani na gilashi mai batir, siriri kamar faranti. Ya cire takalmi ya hau. Lambobi suka yi ƙyafta-ƙyafta suka tsaya a sittin da ɗaya.

Ya ce wa nas ɗin da ke rubuta nauyi sikelin nan ƙarya yake yi. Shekara goma sha ɗaya yana hawa na da, hamsin da takwas yake, ba ƙari ba ragi. Ta yi dariya ta ce to Baba ai ƙiba ka yi, ta rubuta sittin da ɗaya, ta kira na gaba.

Likitar mace ce mai saurin magana, ta kai shekara biyar tana ganinsa. Ta juyo masa da takardar ta ce babu ƙwayar ko ɗaya a jininsa, ya warke. Ya ji wannan. Ya ji kuma ta fara wani bayani a kan garkuwar jiki da wani irin gwaji. Amma ƙofar ofishin a buɗe take rabi, kuma daga inda yake zaune yana hango sikelin gilashin. Wata mata ta hau shi da jaka a kafaɗa da takalmi a ƙafa, aka rubuta. Wani ya hau yana dafe da bango, aka rubuta. Mai Sikeli yana gyaɗa wa likita kai, idonsa yana baranda, yana tambayar kansa: wurin da ba a damu da kilo uku ba, yaya za a yi da abin da ido ba ya gani?

A gida dai an yi murna. Maman Auta ta ɗauke shuɗin kofin ta jefa shi can saman kabad, ta tsinke jan zaren da haƙori. Da Asabar ta zo Auta ta kawo yarinyar, ya buɗe gwangwani, ya zaunar da ita a kan benci. Ya ce mata yau amaryarsa za ta yi kwalliya. Ta ce ita ba ta son miji mai furfura a kunne. Ya ce ai ita ma kilo biyu ce kawai, wa zai kwasa in ba shi ba. Ya yanke farce goma na hannu, goma na ƙafa, kuma Maman Auta da ke tsaye a bakin ƙofar kicin ta juya ta koma ciki da sauri.

Sai dai jikin bai bi takardar ba. Shi a saninsa, in an gyara sikeli an gyara shi ke nan. Ka ɗora kaya, ya faɗi gaskiya nan take. Amma ga shi mako huɗu, mako biyar, ƙarfe biyu na rana na yi sai idonsa ya yi nauyi kamar da. Mura ta kama shi ta yi kwana goma sha shida. Gwiwoyinsa suna ƙara in ya tsuguna ɗauko akwatin duwatsu. Gaskiya ne cin abincinsa ya ƙaru, kuma ɗacin bakin nan na safe ya tafi, amma waɗannan bai saka su a lissafi ba. Abin da ya rage shi yake aunawa.

Mai Agogo, wanda suka shekara talatin suna tsokanar juna ta cikin katangar langa-langa, ya leƙo ya same shi yana gyangyaɗi a kan tebur. Ya ce ashe masu warkewa ma suna barci a bakin aiki, shi ya ɗauka yanzu zai gan shi yana tsere da babur. Mai Sikeli ya ce ya je ya ji da agogunansa da kowanne ke faɗin lokacinsa dabam. Ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa.

A Asabar ta bakwai yarinyar ta juya kallon kyanwa daidai lokacin da ya matsa ƙarfen. Ya ɗan ci naman ƙaramin yatsanta. Jini ya fito, ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta yi ƙara kaɗan, ya hura mata, Auta ta ce ba komai Baba, kullum sai ta ji ciwon da ya fi wannan. Aka manta. Shi bai manta ba. Da wannan abin yanke farcen ya yanke nasa a daren jiya, kuma ya tuna ya ɗan taɓa gefen babban yatsansa.

Litinin bai iya aiki ba. Ya kwance sikelin wata mai sayar da kifi, ya baza sassan a tebur, ya zauna yana kallonsu. Talata da ƙarfe goma ya rufe shago ya hau mota zuwa wata unguwa da ba a san shi ba, ya shiga wani kemis mai ɗan ɗakin gwaji a baya. Ya ce a gwada masa ciwon hanta nau'in C. Mai kemis ɗin, wani mai tabarau a goshi, ya tambaye shi ko an taɓa gwada shi, ko ya taɓa shan magani. Mai Sikeli ya tuna ƙa'ida ta biyu. Ya ce a dai gwada.

Aka huda masa yatsa, aka ɗiga jinin a wani ɗan farin roba mai tsawon ashana. Minti goma sha biyar yana kallon agogon bango. Layi ɗaya ya fito, sannan na biyu ya biyo shi a hankali, ja sosai. Mai kemis ya sauke tabaransa ya ce layi biyu na nufin akwai alama, lallai ya je babban asibiti a yi masa gwaji mai zurfi. Mai Sikeli bai ji ƙarshen maganar ba. Ya karɓi 'yar takardar ya ninke ta huɗu. Sikeli biyu sun saɓa, kuma ya san abin da ƙa'ida ta uku ta ce.

Ranar ganin likitarsa saura mako biyar. Ya kasa zama, ya kuma kasa faɗa. Ya fara fita daga shago sau uku, sau huɗu a rana, ba tare da ya san inda za shi ba, sai ya tsinci kansa a layin su Auta. Ranar farko ya ce wucewa yake yi. Rana ta biyu ya ce ya zo duba famfonsu da ya ji yana ɗiga. Kowane zuwa sai ya ɗauki Kilo Biyu ya kai ta bakin taga, ya ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa, yana neman rawaya a cikin farin. Ya san sarai ciwon ba ya nuna kansa da wuri haka. A jikinsa shekara ashirin da uku ya yi shiru. Wannan sanin ne ma ya fi hana shi sukuni. Yana kallonta tana tsalle a kan kujera, yana lissafin shekarunta in an ƙara ashirin da uku.

Yarinyar ta ce, “Kaka, me ka ajiye a idona da kullum kake nema?”

Ya ce yana duba ko ta fara kallon wani saurayin ne. Auta ta yi dariya daga kicin. Ya sauke yarinyar ya fita ba sallama.

Mai kifi ta zo karɓar sikelinta sau biyu ta tarar da shi a baje. Mai Agogo ya daina tsokana, ya fara leƙowa yana kallonsa kawai. A gida yakan zauna, ya tashi, ya gyara labule, ya leƙa waje, ya dawo. A rana ta tara da safe Maman Auta ta fito daga wanka ta same shi a tsaye kan kujera yana laluben saman kabad. Ya sauko da shuɗin kofin, ya wanke ƙurarsa, ya zuba shayi.

Ta bari sai da ya kai kofin baki. Sannan ta zauna a gabansa, ta ce, “Baban Auta, shekara goma sha ɗaya na yi ina wanke kofin nan dabam. Ba zan ƙara ko kwana ɗaya ba sai ka faɗa mini dalili.”

Ya ciro takardar daga aljihu, ta yi laushi saboda ninkewa da buɗewa. Ya faɗa mata kemis, ya faɗa mata layi biyu. Da ya zo kan ɗigon jinin yarinyar sai ya nuna ƙaramin yatsansa kawai. Ta ce ita ba ta san aikin likita ba, amma ta san 'yar ba tasa ba ce shi kaɗai, tana da uwa, kuma uwar tana da haƙƙin sani yau, ba gobe ba. Ta ɗauki waya. Ya ce ta bari ya shirya yadda zai faɗa. Ta ce kwana tara yana shiryawa.

Auta ta iso cikin rabin awa, da yarinyar a hannu. Ta saurara a tsaye. Ya yi zaton za ta yi kuka ko ta janye 'yarta daga kusa da shi, kuma ya shirya wa hakan. Ba ta janye ta ba. Ta ce, “Baba, yankan ba komai ba ne, hannu ne, yana kuskure. Amma kana zuwa gidana kullum kana buɗe mata ido, ina kawo maka ruwa, kana ce mini famfo?” Ya sunkuyar da kai. Ta ce ya sa takalminsa, ba za su jira ranar ganin likita ba, za su je su zauna a barandar nan har a gan su.

Ya ce sai sun biya ta shago. Ta ce shago kuma a yau? Ya ce minti biyu. Ya fito rungume da akwatin katakon, kilo ashirin da wani abu, ya ƙi yarda ta kama masa.

Sun zauna daga ƙarfe goma har kusan ɗaya da rabi kafin likitar ta sami sarari. Ta karanta takardar kemis ɗin, ta ajiye, ta dafe goshi. Ta tambaye shi ko ya gaya wa mai kemis ɗin ya sha magani. Ya ce a'a, ya kuma faɗa mata dalili, ƙa'ida ta biyu, kamar yadda dattijon ya koya masa. Ta ce a aikinsa wataƙila haka ne daidai, amma a nan ya sa mutumin ya auna abin da ba shi ake nema ba.

Ta yi bayanin a hankali wannan karon, kuma Auta ta tashi ta rufe ƙofar. Gwajin ɗan roban nan, in ji ta, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Yana neman makamin da jiki ya ƙera don yaƙarta ne. Jikin da ya taɓa haɗuwa da ita yana riƙe wannan makami shekaru da yawa, sau da yawa har ƙarshen rai, ko da ƙwayar ta daɗe da tafiya. In ya je kemis goma, layi biyu zai gani sau goma. Gwajin da asibiti ya yi shi ne mai neman ƙwayar kanta, kuma bai sami komai ba. Ta ce, “Na faɗa maka wannan ranar nan, Baba. Har na ce kada ka je a yi maka na layi. Ka gyaɗa kai.”

Ya ce yana kallon sikeli ne.

Ya yi tambaya a kan yarinyar. Likitar ta ce wanda ba shi da ƙwayar ba shi da abin da zai ba wani, ba za ta huda yarinya a banza ba. Amma ta ce kowa ya riƙe abin yanke farcensa, mai lafiya da marar lafiya, kuma shi ma ya sani makamin nan da ya rage a jininsa ba zai hana shi sake kamuwa ba in jinin wani mai ita ya shige shi.

Sai ya kawo abin da ya fi cin ransa. In ya warke, me ya sa ƙarfe biyu take kayar da shi har yanzu, me ya sa mura ta yi masa kwana goma sha shida? Ta ce garkuwar jikinsa ta shekara talatin da huɗu tana yaƙi ba hutu. Kumburin hanta yakan sauka da wuri, nasa ma ya sauka, lambobin sun nuna. Amma ƙwayoyin jinin da suka yi ta fafatawa sun gaji, kuma ba sa miƙewa rana ɗaya. Waɗansu sukan farfaɗo cikin watanni, waɗansu sai shekara ko fiye, waɗansu kuma tabon yakan zauna musu. Hantar ma tana da tabo, shi ya sa za a ci gaba da ɗaukar hotonta duk wata shida. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin zai koma ɗan ashirin da tara ba, kuma wani abin ma shekaru ne, ba ciwo ba.

Mai Sikeli ya ce, kamar da kansa yake magana, akwai sikelin ratayawa da mahauta kan bar wa nama a ƙugiya kwana da kwanaki. In an sauke kayan, tsinken da ke nuna nauyi ba ya komawa mazauninsa nan take, don murɗaɗɗen ƙarfen da ke ciki ya saba da ja. Sabon shiga yakan ɗauki sukundireba ya murɗa da ƙarfi ya lalata shi. Shi yakan rataye shi a ƙusa ba kaya, ya bar shi, yana duba shi duk safiya. Wani ya dawo daidai. Wani ya tsaya saura kaɗan, sai a yi masa alama a san da ita, a ci gaba da aiki da shi.

Likitar ta ce to ya rataye kansa a ƙusa. Ta ce za ta sake yi masa gwajin ƙwayar don ransa ya kwanta, sakamako bayan kwana takwas. Ya ce ya gode, amma akwai sauran abu ɗaya, in za ta ba shi izini.

A baranda ya tsuguna a gaban sikelin gilashin, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Masu jiran layi suka miƙa wuya. Ya buɗe akwatin, ya sa ƙyalle ya ɗauko dutsen kilo goma ya ɗora a tsakiya. Lambobin suka ƙyafta: goma. Ya ƙara na biyar: goma sha biyar. Ya sauke, ya matsar da su gefen dama, ya matsar gefen hagu, ya juya sikelin ya fuskanci bango, ya sake. Ya ɗora duka abin da ke akwatin, ya haɗa lissafin a ka. Bai sami ko giram ɗari na kuskure ba. Nas ɗin nan tana tsaye da hannu a ƙugu.

Ya cire takalmi, ya cire hula, ya zaro makullai daga aljihu ya miƙa wa Auta, ya hau. Sittin da ɗaya da rabi.

Ya daɗe a tsaye a kai har lambobin suka mutu da kansu. Kilo uku da rabi, a jikin da ya shekara goma sha ɗaya bai ƙara ko giram ba. Nas ɗin ta ce, “Baba, in ka gama binciken, akwai mutane a bayanka.” Ya sauka ya ce mata sikelin yana da kyau, amma a daina barin mutane suna hawa da jaka.

Kwana takwas ɗin bai yi su cikin natsuwa ba, kada a yi ƙarya. Ya haɗa sikelin mai kifi ya ba ta, amma sau biyu Mai Agogo ya gan shi ya fito bakin titi ya tsaya ya koma. Shuɗin kofin dai bai sake ganinsa ba. Maman Auta ta ce ta shuka wani abu a ciki, ba ta faɗi inda ta ajiye ba. Sakamakon ya fito ranar Alhamis, babu ƙwayar. Ya karanta sau biyu, ya sa Auta ta karanta masa a waya daga hoton da ya tura mata, ba tare da ya gaya mata abin da shi ya gani ba.

Har yanzu ƙarfe biyu takan taɓa shi. Ya sami ɗan littafi yana rubuta lokacin da gajiyar ta zo kowace rana, kuma a wata na biyar ya nuna wa Mai Agogo cewa ta matsa zuwa uku saura kwata. Mai Agogo ya ce agogonsa ne ya lalace, ya kawo a duba.

Asabar ɗin da ta biyo bayan sakamakon, Auta ta zo da yarinyar da wani sabon abin yanke farce ƙarami a cikin ledarsa. Ta ajiye shi a kan benci. Ya ɗauka ya juya shi, ya gwada bakinsa a kan takarda, ya ce ƙarfen ba shi da kyau kamar na da. Kilo Biyu ta hau benci ta ɓoye ƙaramin yatsan a bayanta, ta ce wannan ba za ta ba shi ba, ya yanke tara. Ya ce to, tara. Ya sa tabarau, ya jawo bencin kusa da taga, ya ce a fitar da kyanwar nan waje tukuna.